Teburin Cardiff: Yadda Hukumomi Suka Koyi Haɗa Labarin Mace Ɗaya

A kusan kowace ƙaramar hukuma ta Ingila da Wales akwai wani zama da ake yi duk bayan mako biyu, wasu wuraren duk wata, manyan birane kuma duk mako. Ba a gayyatar 'yan jarida, ba a ɗaukar hoto, babu jawabin babban baƙo. Waɗanda ke kewaye teburin su ne babban jami'in 'yan sanda, wanda galibi shi ke jagorantar zaman, da ma'aikaciyar jinya, da jami'in gidaje, da mai kula da walwalar yara, da jami'in da ke sa ido kan waɗanda kotu ta saki bisa sharaɗi, da wakilin sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, da na cibiyar masu fama da shaye-shaye. Kowa da takarda a gabansa. A jikin takardar sunaye ne, kusan duka na mata, waɗanda ake fargabar miji ko tsohon miji ko saurayi zai yi musu mummunan rauni ko ya kashe su in ba a yi wani abu ba.

Ana kiran suna sai a zaga. A ɗauki misali. Ɗan sanda ya ce sau biyu maƙwabta suna kiransu gidan, duk sanda suka je sai matar ta ce ba komai. Ma'aikaciyar jinya ta ce ta zo asibiti da karaya a hannu, ta ce daga matakala ta faɗo, kuma tana da cikin wata biyar. Jami'in gidaje ya duba littafinsa ya ce an sake wa gidan ƙofa a watan jiya, ɓalle ta aka yi. Mai kula da yara ta ce ɗan matar ya fara fashin makaranta. Sai jami'in sa ido ya ce ai mutumin ya taɓa zaman gidan yari a wani gari, saboda ya shaƙe matarsa ta farko har ta suma.

Karayar hannu ita kaɗai ba ta tayar da hankalin asibiti, domin kullum ana karyewa. Ɓallen ƙofa aikin kafinta ne. Yaro ya yi fashi, yara da yawa suna yi. Sai an jera su a teburi ɗaya cikin minti goma sannan kowa ke ganin abin da ke tafe. Daga nan a raba aiki. 'Yan sanda su sa wa adireshin alama a kwamfuta, ta yadda duk kiran da ya fito daga gidan za a ɗauke shi na gaggawa. Hukumar gidaje ta canza makullai ko ta nemo wani matsuguni. Ungozoma ta shirya ganin matar ita kaɗai ranar awo, ba tare da mijin ba. In ya taɓa barazanar cinna wa gidan wuta, 'yan kwana-kwana su je su toshe kafar da ake jefa wasiƙa a ƙofa. Kowane aiki da sunan wanda zai yi shi da ranar da zai gama. A kira suna na gaba.

Sunan zaman a taƙaice MARAC, wato taron hukumomi na auna haɗari, kuma a Cardiff, babban birnin Wales, aka fara shi a watan Afrilun 2003.

Tunanin ya girmi Cardiff. A 1980 wasu 'yan gwagwarmaya a Duluth, wani ƙaramin birni na jihar Minnesota a Amurka, cikinsu har da Ellen Pence, suka kafa wani shiri da ya sa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da alƙalai da gidajen fakewar mata su bi tsari ɗaya. Abin da suka lura da shi shi ne, ba lallai sai ma'aikaci ya zama mugu ba kafin ya cuci matar da ta kawo kuka. Ya isa a ce fom ɗin da ke gabansa bai tambayi abin da ya kamata ba, ko kuma rahotonsa bai isa ofis na gaba ba. Saboda haka suka zauna suna bin takardu ɗaya bayan ɗaya, daga kiran waya har zuwa hukunci, suna neman inda labari ke ɓacewa. An fi sanin Duluth da ajin da ake tura maza masu duka, kuma masana sun daɗe suna jayayya kan ko ajin yana sauya hali. A nawa ganin, wancan aiki mai ban gajiya na bin takardu shi ne gadon da ya fi amfani.

A Cardiff, 'yan sandan Kudancin Wales sun koma kan fayilolin kisan kai 47 da suka faru tsakanin ma'aurata da iyalai, suka tsamo abubuwan da suka yi ta maimaituwa kafin a kai ga gawa. Da su aka tsara 'yan tambayoyin da duk ɗan sandan da ya je irin wannan gida zai yi. A gefe guda kuma akwai Sashen Tsaron Mata da aka buɗe a birnin a 2001 ƙarƙashin Jan Pickles, wadda ta fito daga aikin sa ido kan masu laifi, ta kuma san yadda hukumomi ke zama su tattauna kan mutum mai haɗari. Ita da abokan aikinta suka juya tsarin. Maimakon a zauna kan mai laifi, a zauna kan wadda ake jin tsoron zai kashe.

Amanda Robinson ta Jami'ar Cardiff ta bi diddigin matan farko da aka tattauna a kansu. Bayan wata shida, kusan shida cikin goma ba su sake kai ƙarar duka ba. Bayan shekara guda adadin ya sauko zuwa kusan huɗu cikin goma. Ba a kwatanta su da wasu matan da ba a yi zama a kansu ba, don haka alƙaluman ba hujja ce yankakkiya ba, amma sun isa su ja hankalin gwamnati. Wata ƙungiya da Diana Barran ta kafa, wadda yanzu ake kira SafeLives, ta ɗauki nauyin horarwa da yaɗa tsarin. A yau irin wannan zama ya doshi 300 a faɗin Birtaniya, kuma shari'o'in da ake dubawa a shekara sun haura 100,000.

Tambayoyin da kujerar da ta fi kowace muhimmanci

Daga 2009 aka samu takardar tambayoyi guda da yawancin hukumomi ke amfani da ita, mai suna DASH. Ta ƙungiyoyin agaji tana da tambaya 24. Kina jin tsoro ƙwarai? Kin rabu da shi ko kin yi yunƙurin rabuwa a cikin shekarar nan? Kina da ciki ko kin haihu kwanan nan? Dukan yana ƙara yawa, yana ƙara tsanani? Yana bibiyar ki, yana duba wayarki, yana hana ki ganin danginki? Ya taɓa ɗaukar makami? Ya taɓa cewa zai kashe ki, kuma kin yarda zai iya? Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa cutar da dabbar gida? Ya taɓa barazanar kashe kansa? In aka samu "e" 14 ko fiye, sai a kai sunan teburi. Ko ba a kai 14 ba, ma'aikaci na iya kaiwa in hankalinsa bai kwanta ba, haka kuma in kiran 'yan sanda ya yi ta ƙaruwa cikin shekara.

Tambayar shaƙewa tana da nauyi na daban. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙe wa wuya, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau bakwai. Ga shi kuma shaƙewa sau da yawa ba ta barin tabon da ido zai gani, sai dai dusashewar murya da wahalar haɗiya. Ɗan sandan da ke neman jini ko kumburi zai rubuta cewa babu rauni. A 2022 Ingila da Wales suka mai da shaƙewa laifi mai zaman kansa, kamar yadda tun 2015 suka haramta mallake mutum ta hanyar tsoratarwa da takurawa ko da ba a taɓa jikinsa ba.

Ita matar ba ta halartar zaman, shi ma mijin ba a sanar da shi. Wadda ke magana da yawunta wata ma'aikaciya ce mai zaman kanta da ake kira IDVA, wadda ba 'yar sanda ba ce. Ita ke kiran matar kafin zama ta ji me take tsoro, me kuma take so. Ita ke faɗa wa teburi cewa kada a aika wasiƙa gidan domin shi ke buɗe wasiƙu, ko kada a kira ta da yamma domin yana gida. Ita ke komawa ta gaya mata abin da aka yanke, ta raka ta kotu in za a nemi umarnin hana shi kusantar ta. Duk sauran da ke teburin suna da abin da ofishinsu ya fi damuwa da shi: ɗan sanda yana son shari'ar da za ta tsaya a kotu, mai kula da yara idonta na kan yaro, jami'in gidaje na lissafin ɗakunan da suka rage. Ita kaɗai ce ba ta da wani aiki sai matar. In aka cire wannan kujera, zaman zai koma ma'aikata suna tattauna rayuwar baƙuwa a bayan idonta.

An yi wa teburin rassa. A Plymouth, a 2011, wani sajan na 'yan sanda, David Carney-Haworth, da matarsa Elisabeth, shugabar makarantar firamare, suka fara wani abu mai sauƙi: in 'yan sanda sun je gida da dare kan rikici kuma akwai yaro a gidan, su sanar da makarantarsa kafin a shiga aji da safe. Malama ta san dalilin da ya sa ya zo ba littafi, ba karin kumallo, ba ta kuma hukunta shi a kai. A Bristol da unguwar Hackney ta Landan an gwada horar da likitocin unguwa su riƙa tambaya, tare da ba su mutum guda sananne da za su tura mace wurinsa, kuma sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2011 ya nuna turawar ta ƙaru ninki-ba-ninki. Sai dokar Clare, wadda ta fara aiki a duk Ingila da Wales a watan Maris na 2014, bayan kisan Clare Wood a Salford a 2009. Ta ba mace damar tambayar 'yan sanda ko wanda take tare da shi yana da tarihin duka.

Akwai kuma ihu bayan hari, wanda shi ma doka ta mai da shi wajibi. Tun Afrilun 2011, duk kisan da ya faru a cikin iyali sai an kafa kwamiti ya tattaro fayilolin kowace hukuma, ya jera su bisa kwanan wata, ya ga wa ya san me kuma yaushe. Frank Mullane, wanda mijin 'yar uwarsa Julia Pemberton ya harbe ta ita da ɗansu Will a 2003, yana cikin waɗanda suka matsa har aka fara. Mai karanta waɗannan rahotanni zai gaji da ganin abu ɗaya: an sani, ba a faɗa wa na kusa ba.

Daren Solihull

Da duk wannan tanadi a ƙasa aka kashe Raneem Oudeh, 'yar shekara 22, da mahaifiyarta Khaola Saleem, 'yan asalin Siriya, a ƙofar gidan uwar a Solihull ranar 27 ga Agustan 2018. Wanda ya kashe su da wuƙa Janbaz Tarin ne, mijin da Raneem ta rabu da shi bayan ta gano yana da wata mata da 'ya'ya a Afghanistan. Kafin wannan dare an sha kai rahoto ga 'yan sanda kan halin da take ciki, ba a kama shi ba. Ta je kotu ta samo umarnin hana shi kusantar ta. A daren kansa sau huɗu tana kiran lambar gaggawa ta 999, kuma tana kan waya da 'yan sanda ya far musu. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa sakacin rundunar West Midlands ya taimaka wajen mutuwarsu.

Teburi ba ya ganin sunan da ba a kai masa ba. In wanda ya ɗauki kira ya rubuta "saɓanin ma'aurata", in wanda ya je gidan ya cika takarda a tsaye yana duban agogo, in kowane kira aka ɗauke shi kamar shi ne na farko, to duk abin da aka gina a sama ya tashi a banza. Saboda haka ne 'yar uwar Khaola, Nour Norris, ta yi ta fafutuka har a Fabrairun 2025 aka fara zaunar da ƙwararru kan rikicin gida a ɗakunan karɓar kiran 999 na rundunoni biyar, ciki har da West Midlands, ƙarƙashin abin da aka sa wa suna dokar Raneem.

Ita ma takardar DASH ta sha suka. Masu bincike da suka yi aiki da bayanan 'yan sandan Manchester sun nuna cewa ba ta iya hasashen wadda za a sake yi wa mummunan duka yadda ake zato, kuma mata da dama da aka kashe an rubuta su a matsakaicin haɗari. Mace mai tsoro ba za ta amsa "e" a gaban baƙo mai kaki ba alhali mijin na ɗaki na gaba. Ga kuma yawa. Zaman da aka tsara don 'yan sunaye yanzu a wasu birane yakan kwashe yini guda ana karanto su, kuma dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Har yau babu dokar da ta tilasta wa kowace hukuma zuwa, don haka kujerar asibiti ko ta makaranta takan zauna babu kowa.

Wani abin kuma ya fi wannan ɗaure kai, domin haɗin kan da kansa yana iya zama makami. Matar da ta shiga Birtaniya da bizar aure, kuma akwai 'yan Nijeriya da yawa a cikinsu, zamanta a ƙasar yana rataye ne a wuyan mijin, shi kuma ya sani. Abin da yake faɗa mata kullum shi ne, ki kira 'yan sanda ki gani, jirgi za a sa ki. A 2018 ƙungiyoyin Liberty da Southall Black Sisters suka shigar da ƙorafi cewa 'yan sanda suna miƙa bayanan irin waɗannan mata ga hukumar shige da fice. Masu binciken aikin 'yan sanda suka ba da shawara a 2020 a dakatar da hakan, gwamnatin lokacin ta ƙi gina katangar da aka nema. A 2023 ofishin Nicole Jacobs, kwamishiniyar yaƙi da cin zarafi a gida, ya gano cewa dukkan rundunoni 43 na Ingila da Wales sun taɓa miƙa irin waɗannan bayanai. Haka uwa ke ɓoye duka don gudun kada labari ya kai ga masu kula da yara su ɗauke mata ɗa. Bayanin da aka yaɗa don ceto da wanda aka yaɗa don biyan buƙatar ofis hanya ɗaya suke bi, kuma matar da ke tsaye a ƙofa ba ta da yadda za ta bambance su.

Ƙofofinmu

Wani yanki na wannan tunani ya iso Nijeriya. Cibiyar Mirabel da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ikeja a 2013, da tallafin Birtaniya, ta tara likita da mai ba da shawara da hanyar zuwa ga 'yan sanda a wuri ɗaya. Irinta ne cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano, da cibiyoyin Salama a Kaduna, da ta Nana Khadija a Sakkwato. Legas ta kafa tawagar haɗin gwiwa kan cin zarafi a gida a 2014, ta mai da ita cikakkiyar hukuma a 2021. Dokar VAPP ta 2015 ta tanadi umarnin kariya daga kotu, kuma jihohi da yawa sun karɓe ta. Sai dai waɗancan cibiyoyi sun fi karkata ga fyaɗe. Matar da mijinta ke duka, in ma ta fita neman taimako, ba can take nufa ba. Binciken lafiya da ƙidaya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba, waɗanda suka nema kuwa akasarinsu wurin danginsu suka je.

Ƙofofinta sanannu ne. Gidan iyaye, inda za a ce mata "yi haƙuri 'yar nan, zaman aure ɗan haƙuri ne." Waliyyi, da liman, da mai unguwa. In abin ya ƙi, ofishin Hisba, inda za a kira mijin a yi masa nasiha, a rubuta yarjejeniya ya sa hannu. Kemis na bakin layi da ya ɗaure mata hannu. Ofishin 'yan sanda, inda sau da yawa za a ce "Hajiya, wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta." Daga ƙarshe kotun alƙali, inda takan gwammace ta yi hul'i ta mayar da sadaki don ta huta, duk da cewa fiƙihun Malikiyya ya ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa in ta tabbata. Tabbatarwar ce wuya, domin shaidar tana warwatse: mai kemis ya ga raunin, mai unguwa ya san sau nawa ta yi yaji, Hisba na da yarjejeniyoyi biyu da ya saɓa, kuma babu wanda ya tambayi ɗan uwansa. Kowa ya fake da cewa tsakanin mata da miji sai Allah. Tsohon kundin Final Kod na Arewa ma, a sashe na 55, ya bar wa miji kafar "ladabtar" da matarsa muddin al'ada ta yarda kuma bai yi mata mummunan rauni ba.

Ba na cikin masu raina sulhu. Yawancin rigimar da ke zuwa gaban mai unguwa ta cefane ce da kishi da baƙar magana, kuma dattawa sun fi kowace kotu iya kashe ta. Abin da babu shi ne matacin da zai ware wadda sulhu zai yi wa magani daga wadda sulhu zai mayar ga ajalinta. Wannan ba ya cin kuɗin tallafi. Jami'ar Hisba za ta iya keɓe matar, ba a gaban miji da surukai ba, ta ce: "Yaya, ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa ɗauko wuƙa? Ya taɓa cewa sai ya kashe ki?" In amsar "e" ce, takardar ba ta teburin nasiha ba ce, ya kamata ta wuce ga DPO da asibiti da alƙali a ranar, da sunan wanda zai bi ta.

Binciken Jane Monckton Smith ta Jami'ar Gloucestershire kan kisan mata 372 ya nuna cewa abin da ya fi tunzura mai kisa shi ne ya ga matar na shirin kuɓuce masa. Shi ya sa tambayar rabuwa ke cikin takardar Birtaniya, shi ya sa kuma ake ƙara tsaro a makonnin da suka biyo bayan fitarta. A wurinmu waɗannan makonni su ne tsakanin yaji da biko, ko tsakanin sammaci da ranar zaman kotu. Tana gidan iyayenta, ya san gidan, ya san hanyar da take bi zuwa awo, ya san makarantar yaran. A wannan tsakanin fayil ɗinta na Hisba an rufe shi da "an sasanta", na kotu kuma an ɗage shi zuwa wata mai zuwa.